Kwanukan Jere Cike da Yashi

Ni Balki, a garin nan na Gaya babu ɗan dakon da bai san muryata ba. Tun ina goyon ɗana na fari nake ƙetare gada zuwa kasuwar Malanbil, in sayo garin rogo da manja da doya in kawo. Buhun da namiji zai tsaya yana kallo yana sosa ƙeya, ni nake cewa a ɗora mini. Don haka ranar da na faɗi a gaban rumfar mai manja, hannuna na dama ya saki kamar tsumma, ƙafata ta ƙi jin maganata, ba ciwon ne ya fara ba ni haushi ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne yadda aka cicciɓe ni aka tura a mota kamar buhun albasa.

A asibitin Dosso suka ce tansiyo ce, hawan jini ke nan, ta shanye mini ɓarin jiki. Bakina ya karkace ya dawo daidai, magana ma ta dawo, wannan kuwa rashin sa'ar mutanen gidanmu ne. Kafin a sallame ni wata ma'aikaciya, cikin masu motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi, ta zauna a gefena ta kama hannun tana lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Inna," ta ce, "hannun ga bai mutu ba, barci yake. In kinka ƙyale shi, shi zarce. Ki ba shi aiki kullum, ko yana so ko ba ya so. Ƙafa ma haka."

Ɗana yana tsaye yana ta gyaɗa kai. Ɗan fari ne, sunansa ba ya fita daga bakina. Mai Kamiyo nake ce masa, don kamiyo, babbar motar kaya, yake tuƙawa tsakanin Kwatano da Yamai. Ya gyaɗa kai, amma maganar a kunne ta tsaya. Muna isowa gida ya kira matarsa Nuriya ya kafa doka: Inna ta gama wahala a duniya, daga yau ko cokali kada a bari ta ɗaga.

Sai aka fara jinya irin tamu. Aka kwantar da ni, aka tokare ni da matasai ta ko'ina. In na miƙa hannu zan ɗauki moɗa, an riga ni. In na motsa zan gyara kwanciya, har an iso. 'Yan dubiya kuwa daga hantsi har la'asar, sannu, sannu, Allah shi ƙara sauƙi, kowace da maganinta ƙulle a bakin zane. Wannan ta ce iskar bakin kogi ce, waccan ta ce bakin 'yan kasuwa ne. Kuma dole su tarar da ni kwance, domin a garinmu in aka iske mara lafiya yana wani abu da hannunsa, ba shi za a zaga ba, masu jinyarsa za a zaga.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne makewayi.

Nuriya yarinya ce mai kunya. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kallon tsakiyar idona ba, a durƙushe take gaishe ni, ba ta cin abinci inda nake. Ni ma ban taɓa cire kallabi a gabanta ba. Yanzu ita ce ke rungumo ni daga gado, ta rataya hannuna a wuyanta, ta ja ni har bayan gida, ta riƙe ni, ta zuba mini ruwan buta. Ita ta kau da kai gabas, ni in kau da nawa yamma. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin kunya irin wannan ba, kuma na san ita ma haka take ji. Na rage shan ruwa, na rage tuwo, don kawai tafiyar ta ragu.

Na kuma san inda hanyar nan take kaiwa. Ina yarinya a Tunuga irin ciwon nan ya kama kakarmu. 'Ya'yanta suka so ta so na gaske, ba su bari ta taɓa ko tsinke ba. Kafin shekara ta zagayo ƙafafunta sun naɗe, ba su sake miƙewa ba har ta koma ga Allah. Kowa ya yaba da jinyar da aka yi mata.

Ɗakina ƙarami ne, ba na ɓoyewa. Gadon ƙarfe mai rumfa, wanda aka kawo ni gidan miji da shi, ya cinye rabi. Armuwar, wato kabad ɗina mai ƙofar madubi, ta cinye sauran, cike da jerena: kwanuka da langa da samira masu marfi, daga 'yar ƙaramar da ba ta wuce tafin hannu ba har kwallar da za a yi wa jariri wanka a ciki. Ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. Shekara da shekaru na yi ina tara su, don duk macen da ta shigo ta san ɗakin wa ta shigo. Filin da ya rage tsakanin gado da armuwar, tabarmar salla ce kawai ke shiga.

Ina kwance ina kallon kwanukan nan, su ma suna kallona, dukanmu an ajiye mu ne don masu shigowa su gani. Sai na tuna yadda nake koya wa sabuwar yarinya ɗaukar kaya a kasuwa. Ba a fara ta da buhu. Da ƙaramin kwano ake farawa, in wuya ya saba a ƙara. To ga kwanuka nan a jere, ƙarami da mai bi masa da mai bi masa, sai ka ce don haka aka ƙera su.

Da Mai Kamiyo ya tafi Kwatano na kira Nuriya.

"Buɗe armuwar ki ɗauko 'yar samirar can ta sama. Ki tahi inda magina sunka bar yashi ki ciko ta."

Ta tsaya tana murza bakin zanenta. "Inna, yashi cikin jere?"

"Yashi na ce."

"Ya ce kada a bari ki ɗaga komi. In wani ya shigo ya gani, ni za a ce na..."

"Na san mi za a ce." Na dube ta, ita tana duban ƙasa. "Ɗiyata, ke kina so ki yi ta kai ni bayan gida har ranar da za a wanke ni?"

Ba mu taɓa ambaton abin da baki ba sai ran nan. Sannan ta buɗe armuwar ta ɗauki samirar ta fita.

Kada wani ya ce muku abin ya zo da sauƙi. Yatsun sun ƙi rufewa a kunnen samirar, sai da na sa Nuriya ta ɗauko robar taya, irin wadda nake ɗaure kaya da ita a bayan kabu-kabu, ta ɗaure mini kwanon a hannu. Na yi nishi, na yi gumi har zane ya jiƙe, samirar ko gezau ba ta yi ba. Na zagi hannun tas. Na ce masa tuwon da ya kai bakina a duniya ya fi ƙarfin buhu ɗari, yau kuma zai kwanta ya bar ni da suruka? Bai amsa ba. Washegari ma bai amsa ba. Sai wata rana da hantsi gindin samirar ya rabu da katifa, ɗan kaɗan, iyakar yadda wuƙa za ta shige. Na kalli Nuriya, ita ma ta gani. Ta yi sauri ta kau da kai, amma na ga bakinta yana motsi.

Daga nan na fara shirya ɗakin yadda nake so. Na sa ta jefa igiya ta kan katakon rufi, bakin nan a ɗaure a hannun da ke barci, bakin can a hannun hagu, in ja da mai lafiyar mara lafiyar ya tashi sama ko yana so ko ba ya so. Robar taya muka ɗaura a ƙafar gado, in sa ƙafata in ture. Tsohon turmina muka kife a tsakiyar ɗan filin nan, in zauna in tashi, in zauna in tashi, ina dafe da taɓarya. Samarin garin nan suna zuwa wani shago kusa da tasha su ɗaga ƙarafa a gaban madubi, su ce sipor suke yi. To ni ma ga madubi a armuwar, ga ƙarfe a gado, ban ga abin da suka fi ni ba sai kiɗa.

In muka ji sallamar 'yan dubiya, Nuriya ta rufe kwanukan da marafansu ta mayar cikin armuwar, ta rataya zane a igiya, ta yafa wa turmi kallabi, ni kuwa in koma gado in langaɓe. Fadima, ƙawata da muke kasuwa tare tun muna da ƙarfinmu, ta kan zauna a kan turmin ta kalli jeren ta ce, "Balki, ko kina kwance ɗakinki ya fi na kowa." In ce mata Allah shi saka. Ba ta san tun daga sama har tsakiya yashin kogi ne ba.

Damina ta wuce, aka fara yankan shinkafa. Hannun ya bar ƙaramar samira ya koma mai bi mata, ya bar ta ya kama langa. Ranar da na kai lomar tuwo bakina da hannun dama, rabi ya tafi a haɓa, amma ban taɓa cin tuwo mai daɗinsa ba. Mai Kamiyo in ya dawo ya ga fuskata ta cika sai ya ce, "Kin gani, Inna? Hutu ne magani." In ce masa haka ne. Ba na son gardama da cikina a cike.

Sai dai ƙafar ta ƙi. Tashi ina tashi, amma tafiya tana son fili, ni kuwa in na ɗaga ƙafa na ajiye, na ɗaga ɗayar, sai goshina ya gaisa da madubi. Har yanzu a wuyan Nuriya nake zuwa makewayi. Kuma na lura da abin da ba ta faɗa ba: ɗaurin zanenta ya hau sama, tana haki in ta ɗaga ni, tana dafe baya in ta ajiye ni. Cikin fari ne. Ni da ya kamata in hana ta ɗaukar tulu, ni ce kayan da take ɗauka.

Mai Kamiyo ma ya san da cikin. Ya durƙusa a bakin ƙofa wata safiya kafin ya kama hanya, ya ce sun yi shawara da Kawunsa Haruna, wato yayana da ke Tunuga. Nuriya za ta tafi gidansu haihuwa, don haka za a kai ni can. Akwai mata da yawa a gidan Yaya, ba za su bari ko ƙuda ya sauka a kaina ba.

"Kun yi shawara," na ce. "Ni kuwa ina ina?"

"Inna, don lafiyarki ne."

Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo. Na san ɗakin da za su sa ni, ɗakin da kakarmu ta kwanta ne. In na shiga, a kafaɗa zan fito.

Bai daɗe da tafiya ba na aika aka kira mini 'yan dako biyu da suka saba yi mini aiki, na ce su biya wurin masunta su taho da gwangwala mai ƙwari, irin wadda ake tura kwalekwale da ita. Ranar kasuwa ce, suka zo da wuri don su koma. Na ce su fitar da gadon.

Suka kalli juna. Nuriya ta dafe ƙirji.

Na san abin da suke tunani. A garin nan gadon mace ba ya barin ɗakinta sai an sake ta ko ta mutu. Ni kuwa mijina ya daɗe a kabari, babu mai sakina. Na sani sarai, na ce ko a jikina. Gadon nan ya riƙe ni ya isa.

Suka kwance shi suka fitar, suka sake haɗa shi a tsakar gida ƙarƙashin itacen bedi. Katifar suka shanya a kan katanga. Don a tura armuwar kusurwa sai da aka kwashe manyan kwanukan, Nuriya ta jera su a waje. Aka ɗaura gwangwala daga ƙarfen taga zuwa jikin ƙofa, daidai ƙuguna. Ɗakin da nake gani kamar akurki sai ga shi da tsawo. Na sallami mazan, na ce Nuriya ta rufe ƙofa, yau ba na karɓar dubiya.

Na ɗaure zane a ƙirji, na kama gwangwala da hagu, na fara. Ƙafar dama tana jan ƙasa, ina yi mata faɗa. Daga taga na isa ƙofa. Na juya da ƙyar na koma taga. Babu wanda ya riƙe ni. Nuriya tana zaune a kan turmi, sai kawai ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka mai ƙarfi, ita da ko dariya ba ta yi da sauti.

Daidai lokacin nan, kamar yadda ta ba ni labari daga baya, Fadima ta shigo da 'yar furarta. Ta ga katifa a katanga. Ta ga gadona a tsakar gida, ga jere a ƙasa kamar za a raba. Ta ga ƙofa a rufe, ta ji kuka daga ciki. Ba ta tambayi kowa ba, don me za ta tambaya? Ta ajiye ƙwaryar ta juya tana salati.

Labari a Gaya ba ya tsayawa a duwan, wurin 'yan kwastan na bakin gada. Kafin in yi wani zagayen ya ƙetare gada. Salular Nuriya ta yi ta ƙara, ta duba ta ga mijinta ne, ta ce, "Inna, ina ga an gaya mishi mun fid da gado." Na ce ta ƙyale shi ya yi ta kira. Ashe shi yana can Malanbil yana jiran takardun mota, an ce masa uwarsa ta cika, ya kira matarsa ba ta ɗauka ba.

Sai muka fara jin hayaniya a waje, da salati, da koke-koken mata. Na ce, "Wa ya rasu a unguwar ga? Allah shi jiƙan Musulmi." Na ɗauki langata mai yashi da hannun dama na ci gaba da tafiyata.

Aka ƙwanƙwasa. Nuriya ta buɗe. Tsohuwar da ke wankan gawa a unguwarmu ce tsaye da sabulu da turare, bayanta tsakar gida cike da mata, maza sun yi cirko-cirko a bakin zaure. Ni kuma ga ni tsaye, gumi na zuba, langa a hannu.

Tsohuwar ta ja da baya har ta taka ƙafar wata. Fadima ta zube a ƙasa zaune, baki buɗe. Wata ta bar takalminta ta yi waje. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, sai na gane.

"Sannunku da zuwa," na ce. "Kun yi sauri. Ban shirya ba tukuna."

Sai ga Mai Kamiyo ya kutso cikin mutane, ba hula, ba takalmi, da gudu ya ƙetaro gada. Ya gan ni, ya durƙusa a bakin ƙofa yana kuka kamar ranar da aka yaye shi. Raina ya yi mini zafi, na so in dafa kansa. Amma hannu ɗaya yana kan gwangwala, ɗaya yana riƙe da langa, kuma ban yi niyyar sakin ko ɗaya ba.

Yaya Haruna ya shigo a bayansa. Ya zo cin kasuwa da shinkafarsa aka tare shi da labarin, har ya aika a fara haƙa kabari. Ya leƙa ɗakin. Ya ga igiya tana reto, ya ga turmi a kife, ya ga kwanukan da mahaifiyarmu ta fara saya mini a buɗe cike da yashi. Farin cikin ganina da rai bai daɗe a fuskarsa ba.

"Balki, wanga wane irin abin kunya ne? Tsohuwa da ke, kin koma 'yar kokowa?" Ya juya ga ɗana. "Kai kuma, haka kunka bar uwarku? Ba gado, ba katifa, tana ɗaukar kaya da ciwo a jikinta? Matarka ta gaji da jinya ke nan." Nuriya ta sunkuyar da kai, mata suka fara gunaguni suna kallonta. "A nemo mota. Yau za ta bi ni Tunuga."

"Yaya," na ce, "ka tuna Kaka?"

"Na tuna. An yi mata jinyar da har yau ake misali da ita."

"Ka tuna yadda anka yi da ƙafafunta kahin su shiga likkafani?"

Yana wurin, ya girme ni, ya gani. Amma Yaya ba mutumin da ƙanwa za ta rufe wa baki a gaban jama'a ba ne.

"Ki bar tone-tone," ya ce. "Ke da ba ki iya kai kanki bayan gida, ke ce za ki yi mini gardama?"

Abin da ni da Nuriya muka ɓoye ko daga idon junanmu, ya shanya shi a gaban rabin unguwa. Na ji kunnuwana sun yi zafi. Na sunkuya a hankali na ajiye langar.

"Ɗiyata, ciko mini buta."

Ta ciko. Ta matso ta gefen damana ta sunkuyar da wuya, yadda ta saba.

"Ba wuyanki na ce ba. Butar."

Na karɓe ta da hannun dama, yatsun suka rufe a mariƙin. Na saki gwangwala na kama taɓarya da hagu. Daga ƙofar ɗakina zuwa makewayi ba nisa ba ne, da ƙafata ta da kafin ka yi atishawa na isa. Ran nan kuwa na hango ƙofar makewayin, ta kwanon rufi, kamar tana ƙetaren kogi. Tsoro na ji, ba zan yi ƙarya ba. A ɗaki akwai bango kusa, a nan babu komai sai idanu.

Na sauko dokin ƙofa. Mata suka dare. Taɓarya gaba, ƙafar hagu, sannan in jawo ta dama. Ruwa yana tsiyaya daga bakin butar yana jiƙa mini zane. Na wuce Fadima, na wuce kwallayena da ke jere a ƙasa. Ina dab da bedi ƙafar dama ta ci karo da saiwa, gwiwa ta lanƙwashe, taɓarya ta kuɓuce, na tafi ƙasa a kan gwiwa ɗaya.

Mai Kamiyo ya zabura, Yaya ma ya miƙo hannu. Sai na ga zane ya gifta a gabana. Nuriya ce, ta tsaya tsakanina da su da cikinta a gaba, ta buɗe hannuwa biyu. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli Yaya Haruna ba ta dube shi a fuska.

"Kawu, ka yi haƙuri. Kada kowa shi taɓa ta."

"Ke, kin san da wa kike magana?"

"Na sani, Kawu. Ta iya tashi."

Ba ta gusa ba. Mijinta ya dube ta, ya dube ni, sannan ya mayar da hannuwansa baya ya riƙe.

Na duba hannuna. Butar tana nan, bai sake ta ba. Gadona yana gefena inda 'yan dako suka ajiye shi. Na kama ƙarfensa da hagu, na kafa ƙafa yadda nake kafawa a gaban turmi, na ce wa gwiwar abin da na saba ce mata, wanda ba zan maimaita a nan ba. Ta yi gardama, ta yi rawa, sannan ta miƙe. Fadima ta turo mini taɓaryar da ƙafa, ba ta ɗaga ta ba, na sunkuya na ɗauka da kaina.

Na isa, na jingine taɓarya a bango, na ture ƙofar na shiga, na jawo ta na sa ƙusar da muke kullewa da ita.

A ciki babu kowa sai ni. Na jingina da bango na yi kukan da ban yi ba tun ranar da na faɗi a Malanbil. Ruwan da ya rage a butar bai kai rabi ba, amma ya isa.

Ta ƙasan ƙofa na hango takalman Nuriya. Ta zo ta tsaya ta ba ƙofar baya, ba ta ƙwanƙwasa ba. Can na ji muryar Mai Kamiyo ƙasa-ƙasa yana tambayarta ko a mayar da gadon ɗaki.

"Sai ka tambaye ta in ta fito," in ji Nuriya.